Wanda ya ci ladan kuturu: magana kan masu koya mana kasuwanci

Ƴan uwa matasa, kowa ya buɗe akwatinsa ko ya ɗaga katifa, ya ƙirga takardun shaidar horo nawa ya tara tun da ya bar lakkol. Atestasiyo ta horon kasuwanci, ta horon shugabanci, ta horon "zama ubangidan kanka". A fada guda kawai in aka haɗa su sai su cika kwali. To yanzu a ƙirga mutum nawa cikinmu ke da shago, ko injin niƙa, ko keken ɗinki, ko garke, da ya shekara biyu yana tafiya albarkacin waccan takarda. Kowa ya san amsar da ya samu.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ina cikin masu cewa ƙaramin ɗan kasuwa na buƙatar mai ba shi shawara kamar yadda yake buƙatar jari, wani lokaci ma fiye da jarin. Ƙarata ita ce an ɗauki wannan abu mai amfani an mayar da shi biki, kuma akwai masu cin abinci da bikin.

Kun san yadda ake yi. Furoje ya sauka da kuɗin waje. A kama zaure a otel, galibi a Yamai, in an yi adalci a leƙo Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. A rataya ƙyalle mai tambari biyar. Babban baƙo ya makara awa biyu, ya karanta jawabi, ya tafi. Ƙwararre ya kunna majigi ya kwana uku yana zuba faransanci. A sha shayi da biskit, a ɗauki hoto, a sa hannu a karɓi perdiyem, a raba takarda. Sannan a rubuta wa mai kuɗin rahoto cewa an horar da matasa kaza, kashi kaza mata ne. Shi ke nan an rufe dosiye. Abin da aka auna kawunan da suka zauna bisa kujera ne. Ko cinikin wani ya ƙaru da dala guda, wannan tambaya ba ta cikin rahoton, don haka ba wanda zai je nemo amsarta.

Kuma duk wanda ke cikin zauren ya samu nasa: otel ya samu, mai buga ƙyalle ya samu, ƙwararre ya samu, mu ma da muka zauna mun samu na mai. Shago ne kaɗai bai samu komai ba, shi da aka taru da sunansa.

Bari in faɗi abin da nake kira shawara, don kada maganar ta tsaya a iska. Ɗauki mace mai tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gujiya a wata unguwa ta Maraɗi. Shekara goma tana yi, kullum tana ciniki, kullum jarin yana nan inda yake ko yana raguwa, ita kuma tana cewa babu albarka. Mai shawara na gaskiya zai zauna da ita bisa tabarma da kaye da bik. Tiya nawa kika saya, nawa-nawa? Kuɗin niƙa fa? Itace fa? Ledar ƙulli da kwalabe? Kabu-kabun da ya kai ki kasuwa? Nawa kika ba da bashi a makon nan, nawa ya dawo? Kuɗin cefanen jiya, daga wane ƙulli ya fito? Sai an jera waɗannan a takarda ake ganin inda kuɗin ke zurarewa. Wata sai ta tarar man da take taƙama da shi da ƙyar yake mayar da kuɗin gujiya, ribar duka tana cikin ƙuli-ƙulin da take bayarwa gyara. Wata sai ta tarar sana'ar lafiya lau take, gidan ne ke cinye ta, don kuɗin sana'a da na tukunya a zani guda suke ɗaure. Magani daban, ciwo daban, kuma ba a gano ko ɗaya daga cikin otel.

Haka mai albasa a Galmi ko Tsarnawa. Ya fi kowane ƙwararre sanin noman albasa. Abin da ke kashe shi lokacin ɗiba ne, wajen Maris da Afrilu, sa'ad da kowa ya fito da tasa farashi ya faɗi, ga mai bashi a ƙofa. Wanda ya iya ajiyewa zuwa bayan damina yana sayarwa da tsada, amma ajiya a rudu tana da ruɓewa, kuma ruɓewar tana iya cinye ƙarin farashin. Buhu nawa zai sayar yanzu ya biya bashi, nawa zai ajiye, gyaran rudu zai biya kansa ko ba zai biya ba, da wa zai haɗa kai su cika mota guda? Wannan lissafi ne da ake yi da mutum a gonarsa, a kuma dawo bayan wata biyu a buɗe rudun tare a gani.

Dawowar nan ita ce ainihin aikin. Ita ce kuma ta fi tsada, ta fi gajiyarwa, ba ta da hoto mai kyau, shi ya sa ake tsallake ta.

Ba ra'ayina ne kawai ba. An gwada waɗannan abubuwa a wurare da dama, irin gwajin da ake raba mutane kashi-kashi ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu a hana wasu, a dawo a auna. A unguwar Dandora ta Nairobi, a Kenya, an ɗauki mata masu ƙananan sana'o'i. Wasu aka sa su aji, wasu aka haɗa kowace da wata gogaggiyar ƴar kasuwa ta unguwar mai irin sana'arta. Na aji sun koyi abubuwa, ribarsu ba ta motsa ba. Waɗanda aka ba uwar ɗaki ribarsu ta ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100, kuma babban dalilin mai sauƙi ne: uwar ɗakin ta san inda ake sarin kaya da arha. Da zumuncin ya yi sanyi, ƙarin ribar ma ya dusashe. A jihar Puwebla ta Meksiko an ba ƙananan kamfanoni masu shawara da ke zuwa kowane mako har shekara guda, bayan shekara biyar aka tarar ma'aikatansu sun ƙaru da wajen rabi. A Lome, nan kusa da mu, an raba masu sana'a 1500 gida uku. Waɗanda aka koya wa darasin kasuwanci na al'ada ribarsu ta ɗan ɗaga da kashi 11, ƙarin da masu binciken kansu suka ce bai isa a yi rantsuwa a kai ba. Waɗanda aka koya wa yadda mutum zai riƙa neman matsalar sana'arsa da kansa, ya gwada sabon abu, ya jure faɗuwa, tasu ta ɗaga da kashi 30 cikin shekara biyu. An buga wannan a 2017.

Akwai kuma wanda ya kamata masu sa kwat su karanta sau biyu. A Akra ta Gana an tura ƙwararrun wani babban kamfanin duniya wurin teloli, mutum da mutum. Telolin sun bi shawarar, sun fara rubuta lissafi, riba ba ta ƙaru ba, daga baya suka koma yadda suke yi da. Ashe ko zuwa shago bai wadatar ba in wanda ya je bai san sana'ar ba. Wanda ya saba da littattafan banki ba lalle ya san abin da ke damun tela daren salla ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba sai mun je Kenya ba. Tsarin asusun mata da yanzu ake kwaikwaya a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE. Akwati, makulli, taron mako-mako, mata suna ba juna rance suna kuma sa wa juna ido. A 2022 mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a karkarar Nijar kan matalautan mata masu karɓar tallafin gwamnati. An haɗa musu asusu, horo, da mai bin su yana duba sana'arsu, sannan wasu aka ƙara musu jika 80 na jari, wasu aka ƙara musu zaman ƙarfafa zuciya da faɗakar da mutanen gari, wasu duka biyun. Dukansu sun ci gaba, kuma in aka auna da abin da aka kashe, tsarin da bai ƙunshi jika 80 ɗin ba shi ya fi biyan kuɗinsa. A ƙasarmu aka tabbatar da wannan. Duniya ta karanta, mu muna nan muna kama zaure.

Yanzu maganar kuɗi, don na san ita ce a ran kowa. Duk matashin da ka tambaya zai ce jari ya rasa. Gaskiya ne, kuma a nan ne mai shawara ke iya zama gada ko ya zama ɗan fashi. Banki ba ya ba da rance don kyan fuska. Yana son ya ga shigi da ficin kuɗi na watanni, yana son takardu, yana son jingina, galibi takardar fili ko ta gida wadda yawancinmu ba mu da ita. Shi kansa babban bankin yankinmu, BCEAO, ya gane cewa ƙaramin kamfani ba ya iya tsallake wannan shinge shi kaɗai, shi ya sa a cikin tsarinsa na tallafa wa ƙanana da matsakaitan kamfanoni ya tanadi cibiyoyin rakiya, masu shirya mutum kafin rance su kuma bi shi bayan ya karɓa. A gida muna da FONAP don ƙananan kamfanoni, da FISAN don harkar noma da abinci, da SAHFI mai tsaya wa mutum lamuni, da FAFPA ta koyon sana'a. Ƙofofi suna nan. Je ka tsaya a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ka tambayi masu shago goma wace ƙofa ce tasu, da wace takarda ake shigarta. Wanda zai kama hannunka ya nuna maka ƙofar, ya faɗa maka gaskiyar abin da ke bayanta, ya yi maka aikin da ya fi horon kwana uku.

Amma me ke faruwa? An samu kasuwar sayar da takardar tsarin kasuwanci, wadda suke kira bizines plan. Ka biya jika kaza, a buɗe kwamfuta, a ɗauko na wani, a canza suna da gari. Na taɓa riƙe guda biyu a hannuna, na mutum biyu da ba su san juna ba, duka na kiwon kaji: jimla guda, lissafi guda, har kuskuren rubutu guda. Babu wanda ya tambaye su nawa buhun dusa yake yau, ko me za su yi in kuran ya ɗauke kwana biyu cikin zafin Afrilu, ko wa zai sayi ƙwan. In Allah ya sa banki ya ƙi, sun yi asarar kuɗin takarda kawai. In banki ya yarda, nan ne bala'in yake.

Ku yi lissafi. A 2014 aka ƙayyade iyakar ruwan rance a yankin UEMOA: kashi 15 cikin 100 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun rance. Wanda ya ci bashin jika 500 a kan kashi 24 ya riƙe shi shekara cur, jika 120 zai ɗora. Sana'ar da ba ta fitar da wannan bayan an cire ci da sha da haya, bashi zai binne ta, ya haɗa da filin gadon da aka jinginar. Don haka mai shawara na ƙwarai wani lokaci abin da zai ce maka shi ne kada ka ci bashin nan bana, je ka tara a asusu wata shida, ka rubuta cinikinka, mu sake zama. Wanda ake biyan sa bisa yawan dosiyen da ya tura banki, har abada ba zai furta wannan ba.

Haka batun takardun hukuma. An kafa Maison de l'Entreprise a 2012 ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa, don mutum ya yi rajistar kamfani a wuri guda maimakon yawon ofis-ofis, kuma wannan ci gaba ne, ban musa ba. Dokar OHADA tun 2010 ta fito da matsayi mai sauƙi don ƙaramin mai sana'a. Amma akwai masu horo da ke sayar mana da rajista kamar laya, wai da ka samu NIF da RCCM arziki ya buɗe. A Kwatano an gwada kan masu sana'a 3600. Da aka bi su har shago, aka haɗa musu da shawara da taimakon banki da na lampo, waɗanda suka yi rajista sun ƙaru da wajen 16 cikin kowane 100. Cinikinsu da ribarsu kuwa ba su ƙaru don rajistar ba. Takarda tana da amfani ga wanda zai nemi kwangila, ko zai sayar wa babban kanti, ko zai fitar da kilishi ko riɗi ko aya waje da sunansa. Ga mai tebur a bakin hanya, abin da ta fara jawo masa shi ne mai karɓar lampo ya san adireshinsa. A faɗa wa kowa nasa gaskiyar, ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Sai harshe. Wannan kam abin kunya ne. Yawancin masu riƙe da kasuwannin kudancin ƙasar nan da Hausa suke saye da sayarwa, da Hausa suke lissafi, da dala da jika. A Maris na 2025 aka rubuta a kundin sake gina ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. To me ya sa har yau in za a koya wa mai kilishi fitar da farashi sai da tafinta? Kada wani ya ce ba ya yiwuwa. RECA, haɗaɗɗiyar majalisun manoma, ta daɗe tana amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp, da Hausa da Zabarmanci: manomi ya aiko hoton ganyen da tsutsa ta ci, a mayar masa da amsa da murya. In ana iya yi wa tumatir, ana iya yi wa mai shago da ke son sanin bambancin patanti da kuɗin meri, ko abin da duwan za ta nema a Ɗan Isa.

Ban manta da mu ba. Akwai sabon salo: matashi ya gama jami'a, ya nemi aiki bai samu ba, sai ya ɗinka kwat, ya buɗe shafi a Facebook, ya zama koci. Bai taɓa sayar da ko ashana ba, bai taɓa kwana da bashin mutane a kansa ba, amma yana koyar da "sirrin arziki" a kan jika biyar kujera. Na san zafin zaman banza, ni ma na ɗanɗana, amma yunwarka ba ta ba ka izinin cin jarin wata bazawara ba. Kuma mu masu halarta, mu faɗi gaskiya, da yawa perdiyem muke bi. Akwai fuskokin da ba a rasa su a kowane horo, yau su ne matasa manoma, gobe su ne matasa masu fasahar zamani. Kujerar da suka zauna ta mai walda ce da ba ya iya rufe garejinsa kwana uku, kuma ba wanda ya gayyace shi tun farko.

Wani zai ce, to ai Alhazan Maraɗi ba su yi horo ba suka yi arziki. Sun yi mana. Sun yi shekaru suna yaran shago, ubangida yana tura su Kano da Kwatano, yana duba lissafinsu da dare, yana ba su kaya bashi kaɗan-kaɗan har ya sallame su. Wannan ita ce rakiya mafi tsawo da ake yi a ƙasar nan, kuma ita ta gina kasuwannin da muke gani. Aibinta shi ne ƙofarta ƙunci gare ta: in ba ka da dangi ko wanda zai kai ka, ba ka shiga, mace kuwa da wuya. Aikin cibiyoyin zamani, irin su CIPMEN da ta buɗe a Yamai a 2014 da waɗanda suka biyo bayanta, ya kamata ya zama faɗaɗa wannan ƙofa, su jawo tsofaffin ƴan kasuwa da gogaggun mata masu sana'a su zama masu rakiya, a biya su ladansu, a haɗa su da matasan da suka iya lissafi da kwamfuta. Ɗaya ya san kasuwa, ɗaya ya san takarda.

Shekarun nan sun nuna mana inda buƙatar take. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 takunkumin CEDEAO ya sauka, kuran ya yanke, kaya suka maƙale, kuɗi suka yi wuyar fita daga banki. Lokacin ne mai shago ya fi neman wanda zai zauna da shi su duba wane kaya zai bari, wace hanya zai bi, yaya zai roƙi banki ya ɗaga masa ƙafa. Lokacin ne kuma masu ba da kuɗi da dama suka dakatar da ayyukansu, motocin furoje suka shige gareji. Shawarar da ke rayuwa da kuɗin baƙo, ranar da baƙo ya ɗauki jakarsa ita ma ta tafi. In da gaske muke batun dogaro da kai, to majalisar ƴan kasuwa da meri-meri da jihohi su sa kuɗin rakiyar ƙananan sana'o'i a kasafinsu, mai sana'a ma ya sa ɗan abin da zai iya, ko jika guda ne a wata, don wanda ya biya yana da bakin tambaya.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk cibiyar da ta karɓi kuɗi da sunan matasa, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, muna so ta fito fili ta faɗa: cikin waɗanda ta raka shekara biyu da suka wuce, nawa ne sana'arsu ke raye yau, nawa suka ɗauki ko ma'aikaci guda, nawa suka ci bashi kuma nawa suka iya biya. Jiha-jiha, ba jimlar ƙasa da Yamai za ta rufe sauran ba. A kuma riƙe wani kaso na kuɗin ƙwararre sai bayan shekara, in an je an tarar shagon a buɗe. Na san za a yi gunaguni, dama wanzami ba ya son jarfa.

Kafin su amsa, ga abin da ke hannunmu. In an sake gayyatarka horo, kafin ka tambayi nawa ne perdiyem, tambayi mai gayyatar sau nawa za su zo wurin sana'arka bayan an tashi, da wane harshe, kuma ya nuna maka mutum uku daga cikin ƴan bara da za ka iya zuwa ka ga shagonsu. In ya nuna, je ka gani da idonka, ka tambaye su ba a gabansa ba. Abin da kuka gano ku kawo mana, da sunan gari da irin sana'ar, mu tara mu wallafa a nan, na kirki da na banza duka.